Daga Gilashin Petzval Zuwa Kyamara Marar Madubi: Tarihin Lensin Hoto Mai Motsi

Mai sana'ar ɗaukar bidiyo na wannan zamani yakan tarar cewa sayen jikin kyamara ya fi masa sauƙi a kan zaɓen lensin da zai ɗaura mata, domin ingancin jikin kyamara ana iya karanta shi a takarda da alƙaluma, alhali kuwa lensi, wato jerin gilasan da aka wasa aka jera cikin bututu domin su tattara haske su zana sura, yana da halayen da ba sa bayyana sai an sa shi a aiki. Tambayoyin da ake yi kafin a saye shi, irin su yawan hasken da yake shigarwa, da faɗin wurin da yake ɗauka, da yadda ake juya shi har abu ya fito sarai, sun girmi kyamara marar madubi, kuma kowace daga cikinsu ta samo asali ne daga wata matsala takamaimai da ta addabi masu ɗaukar hoto a wani zamani. Abin da kyamara marar madubi ta yi shi ne ta haɗa zuri'a biyu ta lensi waɗanda suka yi kusan ƙarni guda kowace tana bin hanyarta, wato zuri'ar hoto tsayayye da zuri'ar hoton majigi, ta ajiye su gaban mutum ɗaya ta bar masa zaɓi.

Tun a farkon ƙarni na 11 Ibnul Haisam, haifaffen Basara wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana a cikin Kitabul Manazir yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a kife. Amma tarihin lensin kyamara kansa ya fara ne a 1839, shekarar da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris. Lensin da Charles Chevalier ya ƙera wa kyamarorin farko ba ya shigar da haske sosai, don haka sai an bar shi a buɗe mintuna masu yawa kafin sura ta kama, abin da gini zai iya jurewa amma ɗan Adam ba zai iya ba. A 1840 wani malamin lissafi a birnin Biyana, Joseph Petzval, ya fitar da fasalin wani lensi ta hanyar lissafi maimakon gwaji da dace, kamfanin Voigtländer kuma ya ƙera shi, ƙofar haskensa ta kai f/3.6. Wannan alama tana buƙatar bayani, domin har yau ita ce abu na farko da mai saye ke dubawa. Tsawon lensi, a bakin masu sana'ar, yana nufin tazarar da ke tsakanin cibiyar gilasan da wurin da hasken da ya zo daga nesa yake haɗuwa, kuma da milimita ake auna shi. Lambar da ke biye da harafin f kuwa tana nuna sau nawa faɗin ƙofar haske zai shiga cikin wannan tsawo, ta yadda lensi mai tsawon milimita 50 da faɗin ƙofarsa ya kai milimita 25 ake kiransa f/2. Saboda haka ƙanƙantar lamba alama ce ta yalwar haske, kuma kowane mataki, daga 1.4 zuwa 2, zuwa 2.8, zuwa 4, yana rage hasken da rabi. Da wannan ma'auni hasken lensin Petzval ya ninka na Chevalier kusan sau 20, kuma shi ne ya mayar da ɗaukar hoton fuskar mutum sana'ar da ake ci da ita.

Rabin ƙarnin da ya biyo baya ya tafi wajen yaƙi da aibobin gilashi, musamman dusashewar gefen hoto da rarrabuwar launi a bakin abubuwa. A garin Jena na Jamus, inda Carl Zeiss ya buɗe maƙerarsa a 1846, haɗin gwiwar masanin kimiyya Ernst Abbe da masanin narkar da gilashi Otto Schott ya samar da sababbin nau'o'in gilashi daga 1884, waɗanda Paul Rudolph ya gina lensin Planar da su a 1896, sannan Tessar a 1902. A Ingila kuma Dennis Taylor ya nuna a 1893 cewa gilasai uku kacal, idan an jera su daidai, sun isa su gyara manyan aibobin, kuma kamfanin Taylor, Taylor & Hobson na garin Leicester ne ya riƙa ƙera wannan lensi da sunan Cooke. Mafi yawan lensin milimita 50 mai yalwar haske da aka ƙera a ƙarni na 20 jikan Planar ne.

Rabuwar zuri'ar biyu ta faro ne daga girman fili. Zaren fim mai faɗin milimita 35, wanda ya fito daga ɗakin binciken Thomas Edison ta hannun William Dickson, ya riga ya kama hanyar zama ma'aunin sana'ar a lokacin da Auguste da Louis Lumière suka nuna hoto mai motsi ga 'yan kallo masu biyan kuɗi a Paris ranar 28 ga Disamba 1895. A kyamarar majigi zaren yana gangarowa ne daga sama zuwa ƙasa, kowane hoto yana cin fili mai faɗin milimita 24 da tsayin 18. Oskar Barnack na kamfanin Leitz ya kwantar da wannan zare a gicciye, ya haɗa filin hoto biyu ya zama ɗaya mai milimita 36 da 24, kuma a kan wannan ne aka gina Leica da ta shiga kasuwa a 1925. Shi ne girman da ake kira cikakken firam a yau. Muhimmancin wannan bambanci shi ne cewa faɗin abin da lensi ke gani ya dogara ga tsawonsa da kuma girman filin da ke bayansa, ta yadda lensin milimita 50 ɗaya zai nuna wuri mai yalwa a kan Leica, ya nuna ƙunci a kan kyamarar majigi. Ya dace masu raina kyamara mai matsakaiciyar sensa (farantin lantarkin da ya maye gurbin fim), wadda ake kira APS-C, su tuna cewa girmanta, wajen milimita 23 da rabi a faɗi, shi ne mafi kusa da filin da aka ɗauki mafi yawan fina-finan ƙarni na 20 a kansa.

Bambanci na biyu ya fi na farko zurfi, kuma lokaci ne ya haifar da shi. Mai hoto tsayayye, idan haske ya yi ƙaranci, yana iya kafa kyamararsa a kan ƙafa uku ya bar ta a buɗe daƙiƙa ɗaya ko goma. Mai hoton majigi ba shi da wannan mafita, domin tun da zuwan sauti ya tsayar da gudun fim a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa, kowane hoto ba ya samun haske fiye da kimanin kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa. Sauti ya kawo wata matsalar kuma: bayan nasarar The Jazz Singer a 1927, manyan fitilun gawayin lantarki da ake haskaka dandalin ɗaukar fim da su suka zama abin ƙi saboda ƙarar da suke yi tana shiga makirfo, aka koma ga ƙwayayen fitila marasa ƙara waɗanda haskensu bai kai na farkon ba. Da yake ba a iya ƙara lokaci, ga shi kuma haske ya ragu, sai nauyin ya koma kan lensi. Cooke Speed Panchro, wanda Horace Lee ya tsara da ƙofar haske f/2, shi ne ya amsa wannan kira, har ya mamaye Holiwud na tsawon shekaru masu yawa. Wannan ƙa'ida ta lokaci ba ta sauya ba har gobe, kuma tana da fuska biyu ga mai bidiyo: da dare tana tilasta masa neman lensi mai yalwar haske, da rana tsaka kuma tana tilasta masa ɗaura baƙin gilashin rage haske a gaban lensin, tun da gaggauta buɗewa da rufewa yana sa motsi ya riƙa fizga a idon mai kallo.

Kowace fuskar gilashi da haske ya ratsa tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 nasa baya, don haka lensi mai fuska 8 yana asarar fiye da kwata na hasken, kuma abin da ya ɓata ɗin yakan yi ta kai da kawo a cikin bututu ya wanke baƙin hoto ya koma toka-toka. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya gano hanyar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan komawar, hukumomin Jamus suka riƙe ta a matsayin sirrin soja, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zama ruwan dare. Wannan shafe ne ya ba da damar jera gilasai goma sha wani abu a bututu ɗaya. Asarar haske kuma ita ce dalilin da ya sa masu majigi suka ƙirƙiro ma'aunin kansu mai harafin T, wanda ke auna hasken da ya fita ta bayan lensi a zahiri, saɓanin f da ke bin lissafin faɗin ƙofa kawai. Mai hoto tsayayye ba zai damu ba idan hoto biyu suka ɗan bambanta a haske, amma a fim, inda ake yanko fitowa daga lensi ɗaya a manna ta da ta wani, ido yana kama bambancin nan take.

Ƙofar haske tana da wani aiki bayan shigar da haske, wato ita ke yanke zurfin wurin da zai fito sarai a gaba da bayan abin da aka saita. Gregg Toland, a fim ɗin Citizen Kane na 1941, ya yi amfani da gajerun lensi masu shafe, ya tsuke ƙofarsu, ya zuba fitilu masu ƙarfi, har na kusa da na nesa duk suka fito ƙarara a fitowa ɗaya. Stanley Kubrick ya bi ɗaya ɓangaren a Barry Lyndon na 1975, inda ya samo Planar na milimita 50 mai f/0.7, wanda Zeiss ta ƙera wa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauki wasu fitowa da hasken kyandir, amma zurfin ya ƙanƙance har sai da 'yan wasa suka taƙaita motsinsu. Dukkansu biyu zaɓi ne da labari ya buƙata, kuma babu hujja a tarihi ga ra'ayin da ya yaɗu daga baya cewa dusashewar bayan mutum ita kaɗai ce alamar fim na gaske.

Shi kuwa madubi ya shigo ne domin magance wata matsala dabam, wato mai ɗauka ya ga ainihin abin da lensi ke gani. Kine Exakta ta 1936 ta sa madubi a karkace tsakanin lensi da fim, wanda ke tura haske sama zuwa maleƙa, ya ɗaga a daidai lokacin ɗauka. Arriflex 35 ta 1937 kuma ta yi wa majigi irin wannan da madubi mai juyawa. Sai dai madubi yana buƙatar ɗaki, kuma ɗakin ya tura lensi gaba: tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura lensi da fuskar fim ta kai milimita 46.5 a Nikon F ta 1959, milimita 44 a bakin EF na Canon na 1987, da milimita 52 a bakin PL da Arri ta fitar a 1982. Lensi mai faɗin gani, wanda tsawonsa bai wuce milimita 28 ko 35 ba, a bisa ɗabi'a yana son ya zauna daf da fim, wato a wurin da madubi ke kaɗawa. Horace Lee ya fara warware irin wannan matsala a farkon shekarun 1930 domin kyamarar Technicolor mai rarraba launi, sannan Pierre Angénieux na Faransa ya kammala ta a 1950 da lensinsa na milimita 35 wanda ya kira Retrofocus, inda aka sa babban gilashi mai warwatsa haske a gaba domin a ja wurin haɗuwarsa baya. Dabarar ta yi aiki, amma ta sa lensi mai faɗin gani ya yi girma da nauyi na tsawon shekara 60.

Zum, wato lensin da ake sauya tsawonsa ba tare da an cire shi ba, ɗan gidan majigi ne tun asali. An fitar da Cooke Varo mai milimita 40 zuwa 120 a 1932, Frank Back ya kawo Zoomar a 1946, sannan Angénieux ya kai shi ga balaga da na milimita 17 zuwa 68 a 1956, da na 12 zuwa 120 a farkon shekarun 1960, wanda ya zama abokin tafiyar masu ɗaukar labarai da fim mai faɗin milimita 16. Sharaɗin zum na majigi shi ne kada abin da aka saita ya dusashe yayin da ake jawo shi kusa ko ake tura shi nesa, domin kyamara tana ɗauka a lokacin. Da zum ya shiga hoto tsayayye sai maƙera suka sassauta wannan sharaɗi domin rage nauyi da farashi, tun da mai hoto yana sake saiti kafin kowane dannawa. Haka nan lensin da ke matse hoto ta gefe, wanda Henri Chrétien ya ƙirƙiro a shekarun 1920, ya kwanta har sai da talabijin ta fara kwashe 'yan kallo, kamfanin 20th Century Fox ya saye shi ya fitar da The Robe a 1953 da sunan CinemaScope; yana matse faɗin wuri ninki biyu a cikin firam, na'urar haskawa kuma ta ware shi a kan bango.

A tsakiyar ƙarni na 20, sana'o'in biyu sun rabu har a wajen hannun da ke juya lensi. A majigi akwai ma'aikaci na musamman da aikinsa kawai shi ne bin ɗan wasa da saiti, wanda ake kira mai jan fokas, yana auna tazara da tef yana yin alama. Saboda shi ne aka yi wa lensin majigi zobe mai juyawa kusan digiri 300, da haƙora a jikinsa don na'urar juyawa ta kama, da alamun tazara na gaskiya, da zoben ƙofar haske mai sulɓi wanda ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki. An kuma yaƙi abin da ake kira numfashin lensi, wato yadda firam ke ɗan buɗewa ko tsukewa idan aka mayar da saiti daga na kusa zuwa na nesa. Hoto tsayayye ya bi hanyar sauri, kuma tun daga Minolta 7000 ta 1985, wadda ta yaɗa saiti mai sarrafa kansa, aka riƙa gajarta juyin zobe domin injin ya isa da wuri, ba a damu da ƙararsa ko numfashinsa ba.

Kyamarar bidiyo ta kaset ta tsaya a gefe guda da duk wannan. Sensarta, wato farantin lantarkin da ya maye gurbin fim, ƙarama ce ƙwarai, sau da yawa sulusin inci, zum ɗinta kuma a manne yake ba a cire shi, saboda haka kusan komai yana fitowa sarai daga gaba har baya ko an so ko ba a so ba. A kan irin wannan kyamara aka haifi masana'antar fim ta Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, don haka zaɓen lensi bai kasance cikin gadonta na farko ba. A Turai da Amurka ƙishirwar kamannin majigi ta kai masu ƙaramin jari ga ɗaura wani akwati a gaban kyamarar bidiyo, inda lensin hoto ke zana sura a kan gilashi mai kaushi, kyamarar kuma ta ɗauki wannan surar, da asarar haske mai yawa.

Shekarar 2008 ce ta rushe katangar. A watan Agusta Nikon ta fitar da D90, kyamara mai madubi ta farko da ke ɗaukar bidiyo, a watan Satumba kuma Canon ta bayyana 5D Mark II mai cikakken firam, wadda ta ba mai ƙaramin jari babbar sensa da tarin lensin EF, har aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin talabijin House da ita a 2010. Amma nan take aibobin zuri'ar hoto tsayayye suka fito fili. Da farko kyamarar ba ta barin mutum ya sarrafa ƙofar haske da hannunsa yayin bidiyo, sai da aka gyara manhajarta a 2009, kuma kafin nan mutane da yawa sun koma ɗaura mata tsofaffin lensin Nikon masu zoben ƙofa. Abin da ya fi wannan shi ne cewa yayin ɗaukar bidiyo dole madubin ya tsaya a ɗage, maleƙa ta yi duhu, na'urar saitin da madubin ke ciyarwa da haske ta daina aiki. Ga mai bidiyo, madubi ya zama kayan da ake ɗauka ba a amfani da shi.

A wannan watan Agusta na 2008 ne Olympus da Panasonic suka sanar da tsarin Micro Four Thirds wanda ya cire madubin gaba ɗaya, ya sa sensa ta riƙa aika sura kai tsaye zuwa allo da maleƙar lantarki. Lumix G1, ta farko a wannan tsari, ba ta ɗaukar bidiyo, amma GH1 ta 2009 ta zo da zum na milimita 14 zuwa 140 wanda aka yi wa inji marar ƙara da ƙofar haske mai sulɓi saboda bidiyo. Sony ta biyo da bakin E a 2010, da cikakken firam a a7 ta 2013, Fujifilm a 2012, sannan Nikon da Canon suka shigo da bakin Z da RF a 2018, kuma a 2020 yawan kyamarori marasa madubi da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na masu madubi. Lambar da ta fi kowace muhimmanci a wannan sauyi ita ce tazarar baki da sensa, wadda ta sauko zuwa milimita 19.25 a Micro Four Thirds, 18 a Sony, 20 a Canon, da 16 a Nikon. Tun da kowane lensi yana buƙatar a ajiye shi a daidai tazarar da aka ƙera shi dominta, kuma ana iya ƙara tazara amma ba a iya rage ta, sai ya zama cewa zoben ƙarfe mai kaurin da ya dace, wanda ake kira adafta, ya isa ya ɗora kusan kowane tsohon lensi a kan sabuwar kyamara, na hoto ne ko na majigi. A 2013 kamfanin Metabones ya sa gilashi a cikin adaftar wanda ke tattara surar lensin cikakken firam ta dace da ƙaramar sensa, yana mayar da tsawon kashi 71 cikin 100 na asali, yana ƙara haske mataki guda. Wannan ya rage raɗaɗin lissafin da masu ƙaramar sensa ke yi kullum, inda lensin milimita 25 a Micro Four Thirds ke ganin abin da na 50 ke gani a cikakken firam, na APS-C kuma ake ninka tsawonsa sau ɗaya da rabi.

Sakamakon wannan buɗe ƙofa ya saɓa wa abin da maƙera suka yi zato, domin maimakon kowa ya ruga ga mafi kaifi, sai kasuwar tsofaffin lensi ta farfaɗo. Dalilin yana cikin lissafi: bidiyon da ake kira 4K wajen ɗigo miliyan 8.3 ne a kowane firam, na 1080 kuma wajen miliyan 2, alhali ana ƙera sababbin lensin hoto ne domin sensa mai ɗigo miliyan 45 ko fiye. Kaifin da ya wuce buƙata yana fito da kowane tabo na fata, yana ba fuska taurin da fim bai saba da shi ba. Helios-44 na milimita 58, wanda masana'antun Tarayyar Sobiyet suka kwaikwaya daga Biotar na Zeiss suka ƙera da yawan gaske, ya samu sabuwar daraja saboda yadda yake murɗa bayan hoto, har ana sake masa jiki na majigi. Cooke da kanta ta dawo da Panchro a 2017, kamfanin Sirui na Sin ya fitar da lensi mai matse hoto mai araha a 2019, sannan Gareth Edwards ya ɗauki mafi yawan fim ɗin The Creator na 2023 da ƙaramar Sony FX3 da tsohon lensin Kowa na milimita 75. Da tsohuwar zuma ake magani, amma wajibi ne a faɗi cewa tsohon lensi yana buƙatar hannun da ya ƙware a saiti, kuma mai ɗaukar biki ko taro shi kaɗai, wanda ba a maimaita masa fitowa, ya fi samun tsira a wurin lensin da ke bin fuska da kansa.

Su ma maƙeran sababbin lensi sun koyi darasi. Sun koma ga injuna marasa ƙara masu tafiya a hankali, sun rage nauyi domin na'urar daidaita girgiza ta iya ɗauka, sun mayar da zoben ƙofar haske tare da maɓallin cire masa tsalle, sun kuma bar wa manhajar kyamara wasu gyare-gyaren da a da gilashi ke yi, kamar miƙe layukan da suka lanƙwashe. Sony a7 IV ta 2021 har numfashin lensi take ɓoyewa ta hanyar ɗan yanke gefen firam. Farashin wannan ci gaba shi ne cewa zoben saiti a yawancinsu ba ya haɗe da gilasan, saƙo kawai yake aika wa inji, kuma idan tafiyar gilashin ta dogara ga saurin juyawa, alamar da mai jan fokas ya yi ba za ta maimaitu ba, shi ya sa zaɓin mayar da juyin ya zama daidaitacce yake cikin abubuwan da mai bidiyo ya kamata ya bincika kafin ya biya kuɗi. Cire madubi ya kuma bar sensa a fili a duk lokacin da aka sauya lensi, kuma ɗigon ƙura da za a goge a hoto ɗaya cikin minti guda yakan zauna a kowane firam na bidiyo, abin da ke ƙara wa zum mai kyau daraja a ƙasashen da ke fama da ƙurar hunturu.

Akwai kuma batun bakin ɗauri, wanda masu saye suka fi sakaci da shi alhali shi ne ke yanke tsawon rayuwar jarinsu. Sony ta buɗe bayanan bakin E ga sauran maƙera a 2011, abin da ya cika kasuwarta da lensin Sigma da Tamron da Samyang masu sauƙin kuɗi, yayin da Canon ta tsare bakin RF har zuwa 2024 kafin ta ba Sigma da Tamron izini, shi ma a kan APS-C. Gajeriyar tazarar da ta sa kyamara marar madubi ke karɓar lensin kowa ita ce kuma ta sa nata lensin ba ya samun masauki a wani gida. Samsung ta fice daga kasuwar ta bar masu lensin NX, Nikon ta rufe tsarin Nikon 1 a 2018, Canon kuma ta daina EOS M a 2023, kuma lensin EF-M na wannan tsari, da yake tazararsa milimita 18 ce, ba ya hawa bakin RF mai milimita 20 na kamfanin da ya ƙera shi. Lensin Nikon F na hannu da aka ƙera a shekarun 1960 kuwa yana hawa Sony da Canon da Panasonic da Fujifilm da Nikon Z da adaftar da ba ta da gilashi ko waya a cikinta.